Wutar hunturu da iccen gona a ƙasashen Tasawa da Mayahi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu iskar gabas takan mallaki ƙasar Maraɗi. Da rana hazo ya rufe sama, da dare ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, wani daren ma ya doshi 10. Baturen da ya saba da ƙanƙara zai yi murmushi in ya ji an kira wannan sanyi, amma shi bai kwana a ɗakin kara ba, bisa tabarmar kaba, da zane guda. A cikin waɗannan watanni kowane gida na Tasawa da Mayahi yana da tambayar da ba ta cikin littattafan tarihi: icce nawa zai kai mu ƙarshen ɗari, kuma daga ina za a samo shi?

Amsar farko ta lissafi ce. Ma'aikatan da suka tsara manufar makamashi ta Nijar tun shekarun 1980 sun daɗe suna aiki da adadin da ke tsakanin rabin kilo da kilo guda na icce ga kowane mutum a yini, na ƙauye ya ɗara na birni. Mu ɗauki giram 800. Gida mai mutum takwas zai ƙone fiye da kilo 6 kullum, wato sama da rabin tan a kwana 90 na hunturu. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan, don haka a lissafin wancan lokaci ma gundumomin biyu sukan mayar da fiye da tan dubu 70 na icce toka kafin sanyi ya wuce.

Sai dai wannan adadi matsakaici ne na shekara, kuma na tukunya ne. A ƙasar Hausa wutar ɗumi ba ta da murhu nata daban. Wutar da ta dafa tuwon dare ita ce yara ke kewayewa ana tatsuniya, garwashinta ake kwasa a kasko a kai wa tsohuwa ɗaki, a kanta ake ɗora ruwan alwalar asuba. Ga wutar ƙofar gida inda dattawa ke hira, ga ta makarantar allo wadda almajirai ke yawon tara wa kara tun la'asar domin ta ba su haske da ɗumi lokaci guda. Mai awo daga ofis, wanda ya zo da sikeli ya auna damin da uwargida ta ajiye don girki, ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma wadda ta fi su duka ci, wato wutar jego. Mace in ta haihu, al'ada ta ɗora mata wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, a wasu gidajen kuma ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Tanadin iccen wankan nan nauyin miji ne, kuma tun ciki bai tsufa ba ake ganin tsibin gumagumai a bayan ɗaki. Mijin da ya gaza nan ya shiga bakin surukai. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun nuna a shekarun 1970 cewa zafin nan haɗe da kunun kanwa yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, amma wannan wani zance ne. Abin lura a nan shi ne gidan da aka haihu a cikin Janairu yana iya ƙone abin da maƙwabcinsa ba zai ƙone ba a hunturu guda.

To, daga ina duk wannan icce yake fitowa? Nan ne tarihi ya shigo, domin amsar ta sauya aƙalla sau uku cikin shekara 170.

Lokacin da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a Janairun 1851, ya wuce Gazawa ya nufi Katsina ta cikin wani ƙungurmin daji da babu gari a cikinsa. Yaƙi ne ya yi wannan daji. Hare-haren da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da sarakunan Fulani na Katsina sun tattara mutane cikin garuruwa masu ganuwa da shinge, abin da ke tsakani kuwa aka bar wa namun daji da mahara. A wancan zamani icce ba ya da mai shi kuma ba ya da kuɗi. Marke da ƙirya da taramniya suna bushewa a tsaye, mace ta ɗebi abin da kanta zai ɗauka. Tsadarsa ɗaya ce, tsoron a kama ta a sayar. Duk da haka ba a ce babu doka ba: ana ba da labari a Damagaram cewa Sarki Tanimun ya yi hani mai tsanani ga saran gawo, itaciyar da ke zubar da ganye da damina ta bar hatsi ya sha rana, ta kuma yi wa dabbobi abinci da rani.

Da Faransawa suka kafu a farkon ƙarni na 20 hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga ganuwa. Kowane mai ƙarfin haƙa rijiya ya kafa gari da sunansa, kuma da yawa daga ƙauyukan arewacin Mayahi haka suka samu. Harajin da ake biya da kuɗi ya tura manoma ga gyaɗa, wadda nomanta ya bunƙasa daga shekarun 1930 har ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, bayan kafa kamfanin SONARA a 1962. Kowane sabon sassabe yana ba da iccen shekaru, saboda haka tsararrakin nan ba su san ƙarancin makamashi ba. Suna ƙone jarin ƙasa ne suna zaton riba ce. Masanin zamantakewa Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a ƙauyukan jihar Maraɗi har da Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi, ya nuna cewa kafin ƙarshen shekarun 1970 gonaki sun haɗe da juna, saura ta ƙare, dajin da ke tsakanin gari da gari ya zama tarihi.

A cikin wannan zamani ne kuma icce ya samu mai shi, amma ba manomi ba. Dokar 4 ga Yulin 1935, wadda ta tsara gandun daji a dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta sa dazuzzuka a hannun hukuma, ta kuma keɓe wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini ko da a gonar mutum suke. Tsoron hamada ne ya cika kawunan Turawa a lokacin. A 1935 wani masanin daji na Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu, har aka tura kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijar da Najeriya a hunturun 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga rairayin da ke tafiya ba. Ɓarnar gatari da wuta ya gani. Hukuma ta ɗauki darasin a bai-bai: tun da talaka ne ke sara, a raba shi da itacen. Nijar mai mulkin kai ta gaji wannan tunani, ta sabunta shi da dokar 4 ga Maris 1974, makonni shida kafin sojoji su kifar da Diori Hamani, inda aka jera itatuwa 15 masu kariya, gawo a cikinsu.

Mai karatu ya dubi abin da idon manomi. In ka bar gawo ya girma a gonarka, ka jawo wa kanka ma'aikacin gandun daji. Ranar da ka sare reshe don rufin rumbu ko don jegon matarka, tara ta hau kanka. In kuwa ka tumɓuke shi yana ɗan tsiro, babu mai tambayarka. Malaman gona su ma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, don garmar shanu ta wuce. Doka da nasiha suka taru suka koya wa mutane kashe abin da ake son su raya.

Farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985 wanda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, sun tarar da ƙasa tsirara. Hunturun waɗannan shekaru shi ne mafi muni a tarihin murhu. Mata suna yin sammako su dawo rana tsaka da ɗan damin sabara ɗanya. Aka koma ƙone karan hatsi, aka koma kashin shanu, aka koma tumfafiya mai hayaƙin da ke sa hawaye. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasashen biyu, goriba ta sha sara, kabar da ke tsirowa daga gindinta kuma ana yanke ta kafin ta yi tsawo. Asarar ba ta tsaya a murhu ba. Karan da aka kwashe shi ne mayafin gona a lokacin iska, kashin shanun shi ne takinta. Duk abin da aka ƙone a Janairu sai a neme shi a rumbu a Oktoba a rasa.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mayar da 3 ga Agusta ranar dashen itace, kuma a Mayun 1984 Janar Seyni Kountché ya tara ƙasa a Maraɗi don muhawara kan hamada. Aka yi gandayen ƙauye na bedi, yawancin dashen ya mutu, domin itacen kowa ba shi da mai ban ruwa. Aka kawo murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, waɗanda ke tsare zafi a gindin tukunya. Dabara ce mai kyau wata tara na shekara. Da hunturu kuwa murhun da ba ya barin zafi ya fita ba ya yi wa mai jin sanyi komai, sai uwargida ta jingine shi ta jera duwatsunta uku. Dokar 21 ga Agustan 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara, inda ƙauye ke sayar da iccen dajinsa da awon da ake kira siter, tsibi mai mita guda ta kowane gefe. Wannan ya amfani wurare irin su dajin Baban Rafi da ke ciyar da birnin Maraɗi. Tasawa da Mayahi ba su da daji irin wannan da za a tsara.

Mafitarsu daga cikin gona ta fito. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta kai ga danshi. In an zaɓi rassa biyu ko uku aka bari, aka datse sauran, cikin shekaru kaɗan sai ga itace. Aka kira abin sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun san shi tun kafin a ba shi suna. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare yawancin mutane suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba su ne suka samu icce a bakin gona a hunturun da ya biyo, maƙwabta kuma suka gani. A ganina abin da ya fi dabarar kanta nauyi shi ne janyewar hukuma: rashin kuɗi da rikicin siyasar shekarun 1990 sun rage sintirin ma'aikatan daji, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 suka matso da itacen gona kusa da hannun mai gona. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye, maƙwabciyar Tasawa, ya yi suna da kwamitocin tsaron itatuwa waɗanda mata da makiyaya ke ciki.

Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou a shekarun 2000, wanda ya gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. A ƙauyukan Damagaram da aka bincika, neman iccen da ke cin wa mace awa biyu da rabi a yini ya koma rabin awa. A yunwar 2005 gidaje da dama sun sayi hatsi da kuɗin iccen gonarsu.

Amma iccen gona na mai gona ne, kuma nan sabuwar matsala take. A da bazawara ko matar baƙo tana da haƙƙi a daji kamar matar sarki. Yau reshen kalgon da ta gani yana da ubangiji, wanda ya san yawan rassansa. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a 2006 yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da matan jihar Maraɗi daga gona, har gayaunar da miji ke ba matarsa ta fara ɓacewa a wasu garuruwa. Macen da ba ta da gona ba ta da kututture, sai ta saya a hannun mai amalanke ko ta roƙa ko ta ɗiba da dare. Iskar gas ta matatar SORAZ, wadda aka buɗe a Damagaram a 2011, ta shiga wasu gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa a cikin garin Tasawa, amma tukunyar gas ba ta da garwashin da za a kai wa tsohuwa ɗaki, kuma ba a tafasa ruwan jego na kwana arba'in da ita.