Kalangun da babu shi a cikin fiyano

Tun da na tattara komatsaina na bar Kano na dawo gida Dawce, samarin da ke harkar waƙa tsakanin Matamaye da Damagaram ba su bar ni na huta ba. Kowa da kwamfutarsa a jaka, kowa furodusa. Wani ɗan ƙanwata har cewa ya yi, "Kawu, wahalar da kuke cewa kun sha, ba dai danne-danne ba ne kamar yanzu?" Raina ya ɓaci, ban tanka masa ba a lokacin. Yau zan tanka.

Mu da muka zauna a situdiyoyin titin gidan Zoo a ƙarshen shekarun 1990, fiyano ce uwa, ita ce uba. Yamaha ce, jerin PSR, kuma kamfanin Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara shigo da ita harkar fim. A cikinta ake gina kiɗa gaba ɗaya, layi bayan layi, sannan a adana a fulofi. Fulofin nan megabayit 1.44 kacal yake ɗauka, ko waƙa ɗaya ta wayar yau ba za ta shiga ba, amma kiɗan fim guda cur yana shiga har da sauran wuri. Dalili shi ne MIDI, tsarin da ake adana kiɗan da shi, ba ya riƙe sauti, umarni yake riƙewa: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe aka ɗaga yatsa. Shi ya sa in ka kai fulofinka wata fiyanon daban, sai ka ji sarewarka ta canza murya. Ƙurar hunturu kuwa ita ce ajalinsa. A leda muke naɗe shi, mu cusa a aljihun gaba.

Murya ita kam sauti ce, hanyarta daban. Sai kiɗa ya kammala mawaƙi zai shiga, ya rera daga farko har ƙarshe. Ya yi tuntuɓe a baiti na biyar, a koma na ɗaya. Da manhajojin kwamfuta irin su Cakewalk da Cool Edit suka shigo aka samu sauƙin yanka da liƙi, amma mun riga mun saba: wanda bai haddace waƙarsa ba, ya koma gida.

Akwai abin da matasa ba su sani ba game da sautin waƙoƙin fim da ake kira nanaye. Turawa da Japanawa ne suka haɗu suka fitar da MIDI a 1983, Dave Smith daga Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland su ne kan gaba. A 1991 aka tsayar da jerin sautuka 128 da kowace na'ura za ta amince da su. A cikinsu guda 8 aka ware wa kayan kiɗan gargajiya na duniya. Indiya ta samu biyu, sitar da shanai. Japan ta samu biyu. Afirka kaf ɗinta ta samu ɗaya, kalimba, wadda ba tamu ba ce. Babu kalangu, babu gurmi, babu kuntigi, babu algaita. Ana yawan zarginmu da kwaikwayon Indiya, kuma ba na musun cewa mun taso da finafinansu. Amma a yi mana adalci: akwatin da aka sayar mana, Indiya na ciki, ƙasar Hausa ba ta ciki. Shanai muka riƙa tanƙwarawa ta zama algaita, goge kuwa na Turawa muka ara.

A nan ne maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bambanta da kowa. MIDI tashoshi 16 gare shi, ta 10 ita ce ta ganguna, kowane maɓalli da gangarsa, kuma gangar ba ta hawa ba ta sauka. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. To maigida sai ya ƙi tasha ta 10. Ya ɗauko wata ganga mai amsa hawa da sauka ya sa ta a wata tasha, hannun dama na bugu, na hagu na kan ɗan garejin nan na gefen fiyano mai lanƙwasa sauti. Garejin ne hammatarsa. Kafin ya bar ni na taɓa, sai da ya tura ni wajen mahauta da filin dambe na yi ta sauraro. In na dawo sai ya ce, "Faɗa mini da baki abin da kalangun ya ce." In ban iya faɗa ba, ba zan kaɗa ba.

Kwantayiz kuwa haramun ne a ɗakinsa, wato umarnin da ke jan kowane bugu ya zauna daram a kan layi. Cewa yake yi duk wanda ya saurari makaɗan Shata ya san bugunsu na ɗan jinkiri a wani wuri, ya ɗan yi gaggawa a wani, kuma a nan daɗin yake. Shekarar da Shata ya rasu, 1999, kwana da kwanaki kaset ɗinsa kaɗai ake sawa a situdiyon, masu aiki na jira a waje suna gunaguni.

Shi maigida ba a fiyano ya fara ba. Ya ga zamanin tef, lokacin da makirfo ɗaya ne tak a tsakiyar ɗaki. Ya ce haɗa sauti a lokacin da ƙafa ake yi: mai babbar ganga a ja shi baya can jikin bango, 'yan amshi a tsakiya, mawaƙi a gaba. Irin wannan ɗaukar ce na taso ina ji a rediyon Muryar Sahel ina yaro a nan Dawce, su Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram, su Ɗan Gurmu. Har yau in aka sa su za ka ji faɗin wurin da aka tsaya. Na kauce, bari na dawo.

Bayan fim ɗin Sangaya ya fito kasuwa ta buɗe, kowane fim sai da waƙa, mu kuma muka daina barci. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, abin da ba a adana ba ya tafi. A tada janareta, gurup kamar yadda muke cewa a nan, ƙararsa ta bi makirfo. Duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya: kaset zai fito da hoton jarumi da sunan mai fim, wani lokaci da na mawaƙi, amma wanda ya kwana yana gina kiɗan, an sallame shi da 'yan kuɗinsa, shi ke nan. Akwai kiɗan da ake rawa da shi a gidajen biki daga Kano har Agadas, masu rawar ba su taɓa jin sunan wanda ya kaɗa shi ba.

Daga baya FruityLoops ta shigo, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003, ga Cubase, ga Auto-Tune mai miƙe muryar da ta karkace. Ba na ƙin su. Da mun samu layuka marasa iyaka da damar goge kuskure da danna ɗaya, da mun yi murna. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro bai taɓa ɗora yatsa a fiyano ba, da linzamin kwamfuta yake zana kiɗa a cikin akwatuna, komai a miƙe, kowa da gangar da ya sauke daga intanet, irin wadda ta ɗan Legas da ɗan Abijan. Mu rashi ne ya sa muka ƙirƙiri kalangun ƙarya. Su kuwa suna da makirfo mai kyau da wurin ajiya da ba ya cika, na gaskiyar yana bayan gidansu, ba su taɓa ɗaukarsa ba.

Tsakanin Dawce, Kance da Matamaye har yanzu akwai masu kalangu, masu gurmi da masu algaita, kuma yawancinsu sun manyanta. 'Ya'yana, ku ɗauki kwamfutocin nan ku je ku same su. Ku buɗe layin sauti, ku bar su su kaɗa yadda suka saba, kada ku gyara musu bugu. Ku biya su haƙƙinsu, ku rubuta sunayensu a jikin waƙar.