Tarihin Sakin Aure a Ƙasarmu: Daga Zauren Alƙali zuwa Gidan Shari'a

Darasinmu na yau a kan mutuwar aure yake. Hausawa sun ce kishi kumallon mata, amma kun sani maza ma suna da nasu, kuma zargi ya kashe aure ba iyaka. To, wa ke raba wannan gardama tun zamanin kakanni?

Kafin Faransawa su shigo Damagaram a 1899, alƙalin sarki ke shari'ar aure bisa mazhabar Malikiyya. A ƙauyuka kuwa, sai dattawan dangi da mai gari. Miji yana saki da bakinsa. Ita mace sai ta yi yaji. In biko ya gagara, ta kai ƙara, sau da yawa ta maida sadaki ta fanshi kanta. Wannan shi ne hul'i.

Zargin zina ba abin wasa ba ne a littattafan da alƙali ke bi. Wanda ya tuhumi mace sai ya kawo shaidu 4 da suka gani da idonsu, in ba haka ba bulala 80 ta hau kansa. In mijinta ne kuma ba shi da shaidu, sai li'ani: ya rantse sau 4, a na 5 ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake yi. Matar ma ta yi nata rantsuwar. Daga nan aure ya mutu har abada. Kun ga ashe jita-jitar bakin rijiya ba hujja ba ce.

Da Faransawa suka kafa mulki, sun bar aure a hannun al'ada, amma sun tsoma baki. Dokar Mandel ta 1939 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 14, ta kuma ce sai da yardar ango da amarya. Dokar Jacquinot ta 1951 ta ce bazawarar da aurenta ya mutu bisa ƙa'ida ta auri wanda take so, kada kowa ya nemi dukiya a kanta.

Bayan samun mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta umarci alƙalin gwamnati ya bi al'adar ma'aurata wajen aure da saki da gado, masana al'ada suna zaune tare da shi. Sarakuna kuwa sulhu ne nasu. An nemi kafa dokar iyali guda ɗaya a 1993, aka sake nema a 2011, amma ƙungiyoyin addini suka ƙi, maganar ta kwanta.

Saboda haka, mai karatu, in zargi ya shigo gidanka, kada ka yanke hukunci cikin fushi. Nemi waliyyai tukuna. In rabuwa ta zama dole, ku je gaban alƙali a rubuta ta, a faɗi ranar saki da wanda zai ciyar da yara. Matar da ba ta da takarda, ko ta gama idda, tsohon miji yana iya tasowa ranar ɗaurin aurenta ya ce har yanzu tasa ce.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai darasi na gaba.