Korar Baƙo da Haƙƙin Tuhumar Gwamnati: Darasi daga Kumasi da Maiduguri



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne ikon da gwamnati take da shi na fitar da mutum daga ƙasa ko na ba shi mafaka, da kuma tambayar da ke biye da wannan iko, watau idan gwamnati ta yi aiki da shi ba bisa ƙa'ida ba, wa zai tuhume ta? Babu mai musun cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai zauna a cikinta, kamar yadda maigida yake da ikon cewa ga wanda zai kwana a zaurensa. Amma tarihin Afirka ta Yamma tun daga 1957 ya nuna cewa sau da yawa gwamnatoci sukan tuna da wannan iko ne a ranar da siyasa ta matse su, ko aljihu ya yi ƙasa. Zan kawo misalai huɗu daga Gana da Nijeriya, biyu na mutane ɗai-ɗai, biyu na taron jama'a, don mu ga inda aka sami mai tambayar gwamnati da inda aka rasa.

Gadon Turawa

Tun da fari ya kamata mu san cewa ɗauke mutum daga inda yake da magoya baya dabara ce da gwamnatocinmu suka tarar a ofis. Turawan Ingila sun kama Sarkin Asante, Prempeh na Farko, a 1896, daga baya suka kai shi tsibiran Seshel, bai komo Kumasi ba sai 1924. A nan Arewa kuwa Lakwaja ce ta zama masaukin sarakunan da aka tuɓe; can Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi suka ƙare kwanakinsu. A zamanin nan sa hannun Gwamna ya isa, ba a bukatar alƙali. Da aka sami mulkin kai sai sababbin shugabanni suka gaji wannan alƙalami, kuma ba su daɗe ba suka gwada kaifinsa.

Kumasi, 1957

Gana ta sami 'yancin kai ran 6 ga Maris, 1957. A lokacin nan akwai wata jam'iyya ta Musulmi mai ƙarfi a zangunan Kumasi da Akara, inda Hausawa da sauran 'yan kasuwa na Arewa suka yi shekara da shekaru, kuma jam'iyyar tana tare da masu adawa da gwamnatin Kwame Nkrumah. Cikin manyanta a Kumasi akwai Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Ladan. Watanni kaɗan bayan samun 'yanci Majalisa ta yi dokar fitar da baƙi, sai gwamnati ta ba da umurnin a fitar da waɗannan mutane biyu zuwa Nijeriya, bisa hujjar cewa zamansu ba alheri ba ne ga jama'a. A lokacin ne kuma aka kori wani ɗan jarida mutumin Saliyo, Bankole Timothy.

Alhazan nan biyu suka kai ƙara kotu, suka ce su 'yan Gana ne, saboda haka dokar baƙi ba ta hau kansu ba. To, ga wurin da nake so ku lura. Kafin kotu ta yanke hukunci, sai gwamnati ta koma Majalisa, inda take da rinjaye, aka yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutanen nan biyu, wadda ta ba minista ikon fitar da su, ta kuma kashe shari'ar da ke gaban alƙali. Aka kwashe su aka kai Kano. Tambayar da suka kai kotu, ko su 'yan ƙasa ne ko baƙi, ba a amsa ta ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun da aka kafa bisa addini ko ƙabila ko yanki, a 1958 kuma aka yi dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. Wannan doka ta biyu 'yan ƙasa ta hau kai, kuma a ƙarƙashinta ne J. B. Danquah, wanda babu mai shakkar asalinsa, ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. Ƙofar kotu da aka rufe don Sarkin Zango ba ta sake buɗuwa ga ɗan gari ba.

Maiduguri, 1980

Yanzu mu dawo gida. Ran 1 ga Oktoba, 1979, soja suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN. Amma Jihar Barno tana hannun GNPP, jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim, da Alhaji Muhammadu Goni a kujerar Gwamna. Shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin jihar shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, mutum mai baki a wurin taro. Ran 24 ga Janairu, 1980, ma'aikatan shige da fice suka ɗauke shi a Maiduguri, bisa umurnin da Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, ya sa wa hannu, suka ƙetare iyaka da shi suka ajiye shi a ƙasar Cadi. Hujjar gwamnati ita ce mahaifinsa mutumin Cadi ne, saboda haka shi baƙo ne, kuma zamansa haɗari ne ga tsaron ƙasa. Ku tuna fa, a lokacin nan Cadi tana cikin yaƙin basasa. Nijeriya da kanta ta tara masu faɗan a Kano da Ikko a 1979 don sulhu, kuma wata biyu bayan an kai Shugaba can, faɗa ya sake ɓarkewa a Njamena, mutane suna gudowa Kamaru da Barno.

Bambancin Maiduguri da Kumasi shi ne Tsarin Mulki. Tsarin 1979 ya faɗa a sashe na 23 cewa wanda aka haifa a Nijeriya kafin 'yancin kai ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asali a Nijeriya. Sashe na 38 kuma ya hana a fitar da ɗan ƙasa daga Nijeriya ko a hana shi shiga. Majalisa ba ta da ikon shafe waɗannan sassa da doka ta rana ɗaya. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri, gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Gwamnati ta kawo shaidunta, har da wata tsohuwa daga Cadi da ta ce ita ta haife shi. Kotu ta auna, ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Barno ce, watau ko da an yarda da maganar asalin mahaifinsa, shi ɗan Nijeriya ne ta wajen uwa. Ta soke umurnin minista, ta yanke masa diyyar Naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Alhaji Shugaba ya ci gaba da zamansa a Maiduguri har ya rasu a 2010.

Lalle wannan shari'a abin alfahari ce, don ta kafa cewa faɗar minista kaɗai ba ta mai da ɗan ƙasa baƙo, sai ya kawo hujja gaban alƙali. Amma kada mu manta da abin da ya sa ta yiwu. Alhaji Shugaba yana da jam'iyya, da gwamnatin jiha a bayansa, da lauyoyi, da jaridu masu bin labarinsa kullum. Sai mu tambaya, yaya halin wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Taron jama'a: 1969 da 1983

Ƙidayar Gana ta 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin 100 na mazaunan ƙasar asalinsu daga waje ne. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, rashin aiki ya yi yawa, sai gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umurni ran 18 ga Nuwamba, 1969, cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin mako biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka tashi: Yarabawa 'yan tireda, Hausawa fataken goro da mahauta, Zabarmawa, Mosawa masu aikin gonakin koko. Da yawansu a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Shi Busian nan kuwa shi ne shugaban adawa a Majalisa a 1957, lokacin da aka fitar da alhazan Kumasi.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka sai abin ya juyo. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya jawo 'yan Gana da Nijar da Cadi da Togo da Binin zuwa Nijeriya, wasu malaman makaranta, wasu magina, wasu masu gadi. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda cewa ɗan kowace ƙasa a cikinsu yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Sa'an nan farashin mai ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, ta riga ta sa ana yi wa baƙi kallon zargi, tun da shi Muhammadu Marwa daga Kamaru ya fito, kuma an taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya dawo. Ga kuma zaɓe yana tafe a watan Agusta. Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwar cewa duk baƙon da ba shi da takardu ya fita cikin mako biyu. An ƙiyasta mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Suka cunkushe a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, da yawa suka kwana a fili, don Gana ta rufe iyakokinta tun 1982, sai da ta buɗe suka wuce, suka tarar da fari da yunwa a gida. Jakar nan da muke kira Gana-mas-go daga wannan tafiya ta sami sunanta. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sake wata korar.

A nan babu alƙalin da ya auna maganar kowa shi kaɗai. Wanda yake da haƙƙin zama da wanda ba shi da shi duk mota ɗaya suka hau, don mako biyu bai isa a tantance mutum miliyan ba. Ba a kuma tsayar da wata gwamnati an tambaye ta ko korar ta biya bukatar da aka ce don ita aka yi ba. Tattalin arzikin Gana bai farfaɗo ba, soja suka tumɓuke Busia ran 13 ga Janairu, 1972. Na Nijeriya ma bai farfaɗo ba, soja suka karɓe mulki ran 31 ga Disamba, 1983.

Mafaka

Wani abin lura shi ne dokokin kare baƙo suna nan a rubuce a daidai lokacin da ake korar. A watan Satumba 1969, wata biyu kafin umurnin Busia, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta amince da yarjejeniyar 'yan gudun hijira a Adis Ababa, wadda ta hana a mai da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, a sashe na 12, ta haramta korar baƙi jumla, kuma Nijeriya ta amince da ita a cikin 1983 ɗin nan. Sai a 1989 ne aka kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa. Doka a takarda takan kwanta barci in babu mai ɗaukarta zuwa kotu.

Su kansu masu mulkin sun bukaci mafakar. Nkrumah, bayan juyin mulkin 1966, Gini ce ta karɓe shi. Busia a Ingila ya rasu a 1978. Alhaji Umaru Dikko, ɗaya daga cikin ginshiƙan gwamnatin Shagari, ya gudu Landan, kuma ran 5 ga Yuli, 1984, ma'aikatan kwastan na filin jirgin sama na Stansted suka buɗe wani akwati da za a ɗora a jirgin zuwa Ikko, suka same shi a ciki a sume. Abin da ya cece shi shi ne ƙananan ma'aikata da suka lura akwatin ba shi da cikakkun takardun kayan jakadanci, suka bi ƙa'ida.

Kammalawa

Jama'a, abin da na tsinta daga waɗannan misalai abu uku ne. Na ɗaya, ikon kora yana bukatar alƙali a tsakanin minista da wanda za a kora, kuma hanin nan na fitar da ɗan ƙasa yana nan a sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999. Na biyu, kowane mutum a saurare shi shi kaɗai, da sunansa da hujjarsa, ko da kuwa leburan gini ne. Na uku, duk gwamnatin da ta ce baƙi ne suka jawo wahala, wajibi ne Majalisa da jaridu su dawo bayan shekara su tambaye ta ko wahalar ta tafi tare da baƙin.

Ku ma'aikata, takardar kora takan bi ta tebur da yawa kafin ta isa hannun minista, kuma a kowane tebur akwai wanda zai iya rubutawa a gefe cewa hujjar ba ta cika ba. Ku ɗalibai kuma, da yawanku in an bi salsala za a tarar da kaka daga Damagaram, ko Agadas, ko Garwa, ko zangon Kumasi, don iyakokin nan ba su daɗe ba. Tambayar da aka yi wa Alhaji Shugaba ana iya yi wa kowannenmu ita, kuma ranar da aka yi ta, abin da za mu so mu tarar shi ne kotu a buɗe.