Dokin Ƙarfe: Tarihin Keke a Ƙasar Daura

Duk wanda aka ce ya ba da tarihin Daura, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Bayajida da Daurama da rijiyar Kusugu, daga nan sai ya shiga jero sarakuna. Wannan kuwa daidai ne, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma bayan tarihin fada akwai tarihin hanya, wato yadda talaka ya riƙa zuwa kasuwa da gona da makaranta da gaisuwar mutuwa. A wannan fage ba mu san wani abu da ya yi wa mutumin karkarar Daura hidima a ƙarni na 20 kamar keke ba, ga shi kuma ba mu cika ganin an ba shi ko da shafi guda a rubuce-rubucenmu ba.

Kafin zuwan Turawa, abin hawa shi ke nuna matsayin mutum. Doki na sarakai ne da attajirai, raƙumi na Buzaye masu kawo gishiri da kanwa daga arewa, jaki da takarkari na fatake, shi kuwa talaka sai sayyada. Tafiyar da ake yi yau cikin awa guda, kamar daga Daura zuwa Katsina, mai nisan kimanin kilomita 80, a wancan zamani sai an yi guzuri an kwana a hanya.

Shi keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry na ƙasar Ingila a 1885. A 1888 kuma John Dunlop ya ƙago tayar da ake hura wa iska, wadda ta rage wa mahayi jijjiga. A daidai waɗannan shekaru ne aka kafa kamfanin Raleigh a Nottingham, wanda sunansa ya zama “Rali” a bakin Bahaushe. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai kayan Turai masu nauyi suka sami hanyar shigowa Arewa, manyan kantuna irin su John Holt, daga baya kuma U.A.C., suka riƙa baje su. A wannan shekara ta 1911 ce Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarautar Daura, ya kuma yi mulki har 1966. Saboda haka muna iya cewa a zamaninsa ne keke ya shigo ƙasar Daura a matsayin abin kallo, ya kuma zama ɗan gida kafin zamanin ya ƙare. Mutane suka laƙaba masa sunaye: wasu su ce basukur, wasu laulawa, masu kirari kuwa su ce dokin ƙarfe, ba ka cin ciyawa.

Ma'aikatan En'e ne suka fara yawaita hawansa: malaman haraji da malaman gona da duba-gari da masinjoji da malaman makaranta. Akan ba ma'aikaci rancen sayen keke a riƙa cirewa daga albashinsa. Akwai kuma lasin da ake yanka wa keke kowace shekara, wanda in ɗan doka ya tare mutum babu shi, ranar sai an kai ruwa rana. Daga baya kuɗin gyaɗa ya sa manomi ma ya shiga sahu. In kaka ta yi kyau aka kai gyaɗa sikeli, burin saurayi shi ne ya dawo gida da sabon keke, ya naɗe jikinsa da leda, ya sa masa madubi da ƙararrawa da fitila, ranar kasuwa ya fito a san ya fito. A shekarun 1950 a kan keke malaman yaƙi da jahilci suka riƙa zagaya ƙauyuka, a kansa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ke isa inda mota ba ta zuwa, haka nan 'yan NEPU da 'yan NPC da shi suka kai siyasa lungu-lungu. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yawancin malaman da aka tura sababbin makarantun karkara da keke suke zuwa aiki. Mu da muke riƙe da alli a yau, da yawanmu hannun irin waɗannan malamai muka biyo.

Ƙasar Daura ba ta tuddai ba ce. Shimfiɗaɗɗiya ce, sai wanda ya yi kudu kan hanyar Kano ne zai tarar da duwatsun Kazaure, inda hawa ke sa gwiwa ta yi tsami. Abokan gābar mai keke a nan biyu ne: yashi da ƙaya. In ya faɗa jigawa, tayar gaba ta nutse, dole ya sauka ya tura. Shi ya sa gwanaye kan yi sammako, su bi gefen turba inda ƙafa ta daddale, sukan kuma fi jin daɗin hanya bayan an yi yayyafi ƙasa ta kama. Tsidau da ƙayar aduwa kuwa su suka samar wa masu faci abinci. Da wuya a sami kasuwar ƙauye da babu mai gyaran keke a gindin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma roba don gano inda take yoyo. Kusa da shi akan sami mai ba da keken haya, inda yara ke kai 'yan kwabbansu su koyi hawa, su sha faɗuwa.

Wani abin lura shi ne waɗannan turbobi da keke ya bi ba sababbi ba ne. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, a farkon ƙarni na 19, zuriyar Sarkin Gwari Abdu ta koma ta kafa sarauta a Zango da Baure, har zuwa lokacin da Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20. A wannan tsakani ne kuma Ingila da Faransa suka ja iyakar da ta bar wani ɓangare na dangi a cikin Nijar. Kwalta ta bi inda hukuma ta zaɓa, amma zumunci ya ci gaba da bin tsofaffin hanyoyinsa. Mai keke daga Mai'aduwa ko Kwangwalam ko Babban Mutum zai ɗaura buhun gero ko 'yar akuya a bayan kekensa, ya je biki ko kasuwa a tsallaken iyaka, ya dawo ya yi magariba a gida.

Daga tsakiyar shekarun 1970 ne tauraron keke ya fara dusashewa. Fari da cutar gyaɗa suka karya noman da ke saya wa manomi keke, kuɗin Udoji kuma suka sa ma'aikaci ya koma kan babur. Bayan matsin tattalin arziki na SAP da aka shiga a 1986, acaɓa ta zama sana'a, daga baya baburan Sin da Indiya masu araha suka cika ƙauyuka. Sai keke ya koma abin 'yan makaranta da tsofaffi, har ana yi wa mai hawansa kallon wanda abin duniya ya guje wa. Hatta sunansa sai da babur mai ƙafa uku ya ara. Da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma hawan keke a 2001, dariya akasarin mutane suka yi masa. Amma da aka cire tallafin man fetur a 2023, mun ga yadda aka riƙa zaro tsofaffin kekuna daga ɗakin shirgi ana kai su wurin gyara. Ashe tsohuwar zuma ce ake magani da ita.

A ƙasashen Turai an daɗe da mayar da keke abin yawon buɗe ido. Tun a 1878 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan yawo a Ingila. Mu a nan bukata ce ta ɗora mu a kansa, ba shaƙatawa ba. Duk da haka marubucin da ke son sanin ƙasarsa zai amfana da dabararsu. Mai mota ba ya ganin komai sai allon sunan gari. Mai keke kuwa yana iya fita daga Daura da safe ya tsaya a Tsohon Birni, ko ya nufi Zango ya sha ruwa a bakin rijiya, ya yi sallama da dattawan da ke gindin gawo, ya tambaye su wa ya fara kawo keke garinsu, nawa ya saya, kuma me mutane suka ce ranar da suka fara ganinsa.

Waɗanda za su iya amsa waɗannan tambayoyi kullum raguwa suke yi. An aza harsashin jami'ar sufuri a Daura a 2019, an kuma ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta biyo ta Daura, a 2021. Waɗannan ba za su rasa masu rubuta tarihinsu ba, domin hukuma na ajiye takardunsu. Shi kuwa dokin ƙarfe ba shi da ma'ajiya sai bakin tsofaffin malamai da masu faci. Kiranmu ga 'yan'uwa marubuta shi ne mu ɗauki takarda da alƙalami mu same su tun suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.