GIDAN HAYA BAƘO YAKE BI

Jama'a, kwanan nan duk majalisar da ka zauna maganar kuɗin haya ake yi. Masu haya na kuka, masu ɗan abin hannu kuma na cewa gara su zuba kuɗinsu a gini tunda Naira ba ta riƙe daraja. Kafin ka kwashi giratutinka ko kuɗin adashi ka miƙa wa dillali, bari mu ɗan waiwayi baya.

A birnin Kano na da, ɗan gari bai san zaman haya ba. Gida na gado ne, yaro ya yi aure a yanka masa sashe. Mai neman masauki shi ne falke. Daga nan aka samu fatoma, maigidan da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya ci la'ada. Da wannan tsari Hausawa suka riƙe cinikin goro da shanu a zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan.

Hayar ɗaki wata-wata kuwa albashi ne ya yaɗa ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka yanka Sabon Gari don akawuna da leburorin da suka zo daga Kudu. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru, ma'aikata suka biyo, Zungeru ta yi sanyi. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ta cika da ɗakunan haya. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja, sai ga Nyanya da Maraba da Suleja sun tumbatsa da waɗanda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Ka ga ashe ba kyan gini ke kawo ɗan haya ba. Aiki da karatu da kasuwa ke kawo shi, in sun tashi ya tashi.

Sai batun ƙasar kanta. Tun 1910 Turawa suka sa filayen Arewa a ƙarƙashin Gwamna. Dokar 1962 ta ɗora a kai, sannan a 1978 gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa tsarin a duk Najeriya. Wato abin da kake saya izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna. Waɗanda suka yi gini a Abuja da takardar mai unguwa kawai sun ji a jikinsu lokacin rusau, tsakanin 2003 da 2007.

To ɗan'uwa, in za ka fara, tambayi kanka: wa zai zauna a nan, me ya kawo shi, zai daɗe? Ka je ma'aikatar ƙasa da ƙafarka a duba maka takardun. In gidan gado ne, kada ka biya sai duk magada sun sa hannu. Ɗaki huɗu kusa da makaranta ko kasuwa ya fi katafaren gida a dajin da ake ta cewa “gari na zuwa”.

Allah ya sa mu zuba guminmu inda zai amfani 'ya'yanmu.