Layin da Kenzo Tange ya ja a kan tokar Hiroshima

Wanda ya shigo Dandalin Tunawa da Zaman Lafiya na Hiroshima ta kudu, abin da zai fara tare shi shi ne wani dogon gini na kankare da aka ɗora kan ginshiƙai, kamar yadda ake ɗaga rumbu daga ƙasa. Gidan tarihin bam ɗin nukiliya ke nan. Idan baƙo ya bi ta ƙarƙashinsa ya miƙa ido arewa, zai hangi wata baka ta siminti, ta cikinta wuta na ci, can bayan wutar kuma, a ƙetaren kogi, ga kangon gini da ƙarafunan hasumiyarsa tsirara. Duk a layi ɗaya suke, kuma da gangan aka yi haka.

Kafin 6 ga Agustan 1945, wannan fili unguwa ce mai suna Nakajima, tsakanin kogin Motoyasu da na Honkawa, cike da kantuna da gidajen kwana da wuraren ibada. Da ƙarfe 8:15 na safiyar ranar, jirgin Amurka mai suna Enola Gay ya saki bam ɗin nukiliya, ya fashe a sama, kimanin mita 600 daga ƙasa. Unguwar ta zama toka. Kafin shekarar ta ƙare, mutum kusan 140,000 sun rasu a birnin.

A 1949 majalisar dokokin Japan ta yi dokar sake gina Hiroshima a matsayin birnin zaman lafiya, aka kuma buɗe gasar zana dandalin. Kenzo Tange, malamin jami'a mai shekara 35, shi ya yi nasara. Birnin ba baƙo ba ne gare shi, domin a nan ya yi karatun share fagen shiga jami'a, a nan kuma ya fara ganin zane-zanen Le Corbusier, waɗanda suka ja shi zuwa sana'ar zanen gine-gine.

Muhimmancin zanen nasa yana cikin abin da ya yi da kangon nan. Jan Letzel, ɗan ƙasar Cek, shi ya zana ginin, aka kammala shi a 1915 don baje kolin kayan masana'antu. Da yake bam ɗin ya fashe kusan a saman kansa, bangwayensa sun tsira, amma duk wanda ke ciki ya mutu nan take. Shekaru mutanen gari suna jayayya a kansa. Wasu na cewa a rushe, ganinsa fami ne ga tsohon gyambo. Wasu na cewa idan aka rushe, wata rana za a ce ba a yi ba. Tange bai jira an sasanta ba. Ya ja layin dandalin ya dire a kan kangon, ta yadda duk mai sunkuyawa gaban bakar nan don girmama mamata, idan ya ɗago kai, shi zai gani. Sai a 1966 majalisar birni ta yanke shawarar adana shi har abada, a 1996 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

An ƙaddamar da bakar a 1952. Ƙarƙashinta akwai akwatin dutse da ke ɗauke da littattafan sunayen mamata, kowace shekara ana ƙara waɗanda suka rasu daga baya, har sunayen sun haura 300,000. Isamu Noguchi ne ya fara zana ta, amma aka ƙi zanensa saboda shi haifaffen Amurka ne. Ciwon bai warke ba tukuna. Wutar kuwa an kunna ta a 1964, da alkawarin ba za a kashe ta ba sai ranar da makamin nukiliya ya ƙare a duniya. Har yau tana ci.

Gefen layin ma akwai abin da ke sa ƙafa ta yi nauyi. Ga tudun da aka tara tokar mutum kusan 70,000 da ba a gane su ba. Ga hasumiyar yara ta 1958, wadda abokan karatun wata yarinya mai suna Sadako Sasaki suka tara wa kuɗi bayan cutar sankarar jini ta kashe ta tana da shekara 12. Ga kuma dutsen tunawa da 'yan Koriya da bam ɗin ya kashe, wanda ya daɗe a wajen dandalin, sai a 1999 aka shigo da shi ciki.

Tange ya ci gaba da tashe, ya karɓi kyautar Pritzker ta zanen gine-gine a 1987, ya rasu a 2005. Hannunsa ya kai har Najeriya, domin kamfaninsa ne ya tsara tsakiyar birnin Abuja, a nan ma da dogon layi mai fuskantar Dutsen Aso. Amma a Hiroshima ne ya yi aikin da ya fi wuya. An ba shi fili aka ce ya gina sabon abu, sai ya tsara ginin nasa duka ya zama taga, ya bar wa kango magana. Waɗanda suka ga ranar da idonsu suna ta ƙarewa, mafi ƙanƙantarsu sun kai shekara 80. Idan na ƙarshensu ya tafi, wannan layin ne zai riƙa kama kan baƙo yana juya shi zuwa inda ya kamata ya duba.