Tarihin Zaɓar Hanya Mai Inganci a Sadarwar Na'urori Masu Yawo

Sadarwar na'urori masu yawo, wadda injiniyoyi ke kira MANET, tsari ne da na'urori ke magana da juna ta iska ba tare da ƙarfen sabis ko wata cibiya a tsakani ba. Kowace na'ura tana aika nata saƙon, tana kuma karɓar na maƙwabciyarta ta miƙa gaba, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu ranar gobara. Ana daddatsa saƙo ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ya bi zango-zango har ya isa. Zaɓar hanya mai inganci kuwa shi ne nemo jerin na'urorin da za su cika wani sharaɗi: yawan bayanan da za su wuce a daƙiƙa, iyakar jinkiri, da ƙarancin ɓacewar ƙulli. Murya ce ta fi matsa wa wannan buƙata, domin ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai ne idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba.

Asali a hannun soja

Tushen abin yana Amurka. A 1971 Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawai suka kunna ALOHAnet, wadda ta nuna cewa kwamfutoci da yawa za su iya raba tashar rediyo ɗaya. Daga nan hukumar binciken ma'aikatar tsaro, DARPA, ta soma aikin PRNET, na aika ƙulli ta rediyo, a farkon shekarun 1970 ƙarƙashin jagorancin Robert Kahn. Ranar 22 ga Nuwamba, 1977, wata mota ta cibiyar bincike ta SRI da ke yawo a Kalifoniya ta aika bayanai ta rediyo, suka ratsa hanyar sadarwar kwamfutoci ta ARPANET da tauraron ɗan'adam. Aikin SURAN ya biyo baya a 1983, sai GloMo a 1994. Damuwar soja a lokacin ita ce saƙo ya isa ko da an lalata wasu na'urorin. Maganar inganci tana can baya.

Neman hanya kawai

Da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yaɗu, jami'o'i suka shigo. Charles Perkins da Pravin Bhagwat sun fitar da DSDV a 1994, inda kowace na'ura ke riƙe da jadawalin hanyoyi tana sabunta shi. David Johnson da David Maltz na Jami'ar Carnegie Mellon suka kawo DSR a 1996, wanda ba ya neman hanya sai an buƙace ta. Perkins da Elizabeth Royer suka bi da AODV a 1999. Ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta kafa kwamitin MANET a 1997, kuma a 2003 ta wallafa AODV da OLSR, wanda ya fito daga cibiyar INRIA ta Faransa. Galibin waɗannan tsare-tsare ma'auninsu ɗaya ne: hanyar da ta fi ƙarancin zango ita ce gwana. Ba su tambayar ko hanyar ta cunkushe.

Shekarun neman tabbaci

A intanet mai waya an riga an samu dabaru biyu. IntServ na 1994, tare da RSVP na 1997, yana kama wa kowace hira gurbinta tun daga farkon hanya har ƙarshe. DiffServ na 1998 kuwa yana kasa bayanai aji-aji, a ba wani aji fifiko. Masu bincike suka so su kwaso wannan tabbaci zuwa iska, sai suka tarar da cikas tun daga lissafi. Zheng Wang da Jon Crowcroft sun nuna a 1996 cewa neman hanyar da za ta cika sharuɗɗa biyu masu taruwa zango bayan zango, kamar jinkiri da tsada, yana cikin matsalolin da ba a san musu hanyar warwarewa cikin sauri ba idan na'urori sun yi yawa.

Shekarar 1999 ta kawo amsoshi uku masu muhimmanci. Chunhung Richard Lin da Jain-Shing Liu sun duba tsarin da ake yanka lokaci gurbi-gurbi, kowace na'ura ta yi magana a nata. Sun fito da abin da lissafin waya ba ya gani: na'urar tsakiya ba ta iya karɓa da aikawa a gurbi ɗaya. Idan gurabe huɗu ne a sake tsakanin ta farko da ta biyu, kuma su ne dai a sake tsakanin ta biyu da ta uku, to hanyar gurabe biyu kacal za ta iya ɗauka.

Shigang Chen da Klara Nahrstedt na Jami'ar Illinois suka kawo dabarar tikiti. Maimakon a cika iska da cigiya ta ko'ina, mai aikawa yana sakin 'yan saƙonnin bincike, kowane ɗauke da tikiti ƙidayayyu. Tikiti masu ruwan ɗorawa suna farautar hanyar da za ta cika sharaɗi, koraye kuma suna neman mai araha. Idan sharaɗin ya yi tsauri, sai a ƙara tikiti. A wannan jami'a ne kuma Sivakumar, Sinha da Bharghavan suka tsara CEDAR, inda ake zaɓar wasu na'urori su zama ginshiƙai masu lissafa hanya a madadin maƙwabtansu. Labarin hanyar da ta samu sarari yana yaɗuwa a hankali, na wadda ta taɓarɓare kuwa da gaggawa.

Inda alkawari ya gagara

Duk da haka, tabbaci irin na waya bai samu ba, kuma dalilan a bayyane suke. Na'ura tana gusawa, hanyar da aka kama wa gurbi ta tsinke a tsakiyar hira. Na'urori biyu da ba sa jin juna suna iya aika wa ta uku a lokaci guda, saƙonnin su yi karo. Tobagi da Kleinrock sun bayyana wannan tun 1975. Ƙa'idar 802.11 ta 1997, wadda Wi-Fi ke kai, gasa ce ta wanda ya riga, ba ta ware wa kowa gurbi. Sannan a 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar suka tabbatar da lissafi cewa rabon kowace na'ura yana raguwa yayin da yawansu ke ƙaruwa.

Saboda haka aka sassauta buri. A Jami'ar Columbia, rukunin Andrew Campbell ya gina INSIGNIA, inda gurbin da aka kama yake sakin kansa idan ƙulli sun daina wucewa, ta yadda tsohuwar hanya ba ta riƙe abin da ba ta amfani da shi. A 2002 rukunin ya fitar da SWAN, wanda ba ya kama gurbi ko kaɗan: yana rage gudun bayanan da ba na gaggawa ba domin murya ta samu wucewa.

Daga alkawari zuwa awo

Babban sauyi ya zo daga gwaji na zahiri. A 2003 Douglas De Couto, Robert Morris da abokansu a jami'ar MIT suka gwada na'urori 29, suka ga cewa hanya mafi ƙarancin zango sau da yawa ba ita ce mafi kyau ba, domin dogon zango yana zubar da ƙulli. Suka kawo ma'aunin ETX, wato sau nawa ake sa ran aika ƙulli kafin ya isa a kuma tabbatar. Zango ɗaya da ƙulli ɗaya cikin huɗu ke tsallakewa yana cin aikawa huɗu. Zango biyu masu kyau suna cin biyu. Gewayen ya fi yanke sauƙi.

Wannan tunani ne ya yi nasara. Gyaran 802.11e na 2005 ya ba murya da bidiyo fifiko a iska, 802.11s na 2011 ya auna hanya da tsawon lokacin da take cin iska, OLSR na biyu da ya fito a 2014 ya shigar da awon ingancin zango. 'Yan sa-kai na Freifunk a Jamus suka ƙirƙiro B.A.T.M.A.N., wanda ya shiga cikin manhajar Linux a 2011. Yawancin dabarun 1999 sun tsaya a kwaikwayon kwamfuta, amma tambayoyin da suka tayar suna nan a rediyon soja, jirage marasa matuƙi, motoci masu magana da juna da aikin ceto bayan bala'i. Abin da fannin ya koya shi ne na'ura ta riƙa auna hanya a kai a kai, ta ajiye wata a gefe, ta kuma sanar da manhaja da wuri idan ingancin ya faɗi, domin a rage nauyin hoto a ceci murya.